Merlin Bird ID a dajin bagaruwa: tana gane waƙwaƙ kuwa?

Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, mai gona ko jinena, wato lambu, a gaɓar kogin Nilul Azraƙ a Sudan, tun daga Wad Madani har Sinnar, Maiwurno, Sinja da Rusairis, yakan ga wani tsuntsu ruwan toka mai dogon bindi ya fito daga cikin bagaruwa ya yi ƙasa-ƙasa, ƙananan tsuntsaye na bin sa da tsiwa. Yawanci sai a ce shaho ne, a kora kaji cikin akurki. Sau da yawa ba shaho ba ne. Larabawa suna ce masa waƙwaƙ. Sunansa na Turanci kuwa, cuckoo, ya yi kama da kukunmu mai dafa abinci, don haka a nan waƙwaƙ ɗin za mu riƙe. Ɗan uwan ragon maza ne, sai dai shi ragon maza yana zaune da mu shekara duka, yana saƙa sheƙarsa ya reni 'ya'yansa, shi kuwa wannan matafiyi ne, kuma a sheƙar wani yake zuba ƙwai.

Da wannan tsuntsu ya dace a auna Merlin Bird ID, manhajar waya mai gane tsuntsaye, domin kowace manhaja za ta gane balbela da hankaka. Waƙwaƙ ne jarrabawa mai wuya.

Manhajar ta cibiyar nazarin tsuntsaye ce ta Jami'ar Cornell da ke Ithaca a Amurka. Ta fito a 2014, kyauta ce, babu talla a cikinta, tana hawa Android da iPhone, kuma adireshin imel kawai take nema. Hanyoyi uku take gane tsuntsu: ta 'yan tambayoyi, ta hoto, da ta sauti, wanda aka ƙara a 2021. Akwai kuma sashen da za ka buɗe jerin tsuntsayen yanki ka duba hotuna, taswira da kukan kowanne. Babu Hausa a ciki. Bayanin kowane tsuntsu gajere ne, layi huɗu ko biyar, mai ɗan Turanci zai iya da shi, wanda ba shi da shi kuma hotuna da sautin sun ishe shi aiki.

Kafin ka fita daji, ka sauke bayanan tsuntsayen yankinmu zuwa cikin wayar. Suna cin ɗaruruwan megabait, saboda haka a nemi inda intanet take da ƙarfi a yi shi sau ɗaya. Bayan nan hoto, sauti da jerin duk suna aiki ba tare da layi ba, wanda a halin da ƙasa ta shiga tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, da ɗaukewar wuta da ta sadarwa, shi ne babban abin da ya sa ta cancanci wurin da take ci a waya. Wanda ya manta wannan mataki zai isa bakin daji ya tarar da sunaye ba hotuna.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai amfani da ita a Sudan ya sani tun farko. Merlin ba ta san tsuntsayen wuri da kanta ba. Tana jingina ne da eBird, rumbun da cibiyar ta buɗe a 2002 inda masu kallon tsuntsaye suke shigar da abin da suka gani da rana da wuri. Inda masu kallo suka yi yawa, kamar Ingila ko Kenya, jerin "tsuntsayen da ake sa ran gani yau" yana fitowa daidai. Sudan kuwa tana cikin ƙasashen da rahotanninsu suka yi ƙaranci, kuma mafi yawan ɗan abin da ake da shi daga Khartum da bakin Bahar Maliya ya fito. Don haka idan ka tsaya a Maiwurno ka buɗe jerin, rashin ganin sunan tsuntsu ba ya nufin ba ya nan. Yana nufin ba wanda ya rubuta shi. Maganin shi ne ka canza tacewar daga waɗanda ake sa rai zuwa duk tsuntsayen da ka sauke, ka rubuta cuckoo a gurbin nema, dangin gaba ɗaya su fito. Wannan giɓi ba sabo ba ne. Littafin tsuntsayen Sudan na Cave da Macdonald tun 1955 ne, taswirorin Nikolaus kuma na 1987, kuma ba a samun ko ɗaya a kasuwa.

Sashen tambayoyi shi ne mafi rauni a kan waƙwaƙ. Zai tambaye ka wuri, rana, girma, launi har uku, da abin da tsuntsun yake yi. Ma'aunin girman inuwoyi huɗu ne: gwara, wani tsuntsun Amurka da ba mu da shi, hankaka, da dinya. Ka ɗauki na biyun a matsayin ƙaramar kurciya. Waƙwaƙ yana da tsawon santimita 32 zuwa 34, wato tsakanin kurciyar da hankaka, amma kusan rabin tsawon bindi ne, nauyinsa bai fi giram 110 zuwa 130 ba. A launi ka zaɓi toka da fari kawai. Rawayan da ke zagaye da ido da ƙafa ƙarami ne, ba shi tambayar take nufi ba. Ko ka amsa komai daidai, jerin da zai fito zai haɗa da kurciyoyi da ƙananan shaho, kuma ba laifinta ba ne, tambaya biyar ba ta raba su.

Ido ne yake raba su, kuma ba wuya idan an san inda za a duba. Fukafukin waƙwaƙ masu tsini ne, na ƙaramin shahon da muke gani a dogon yaro kuwa bakinsu a zagaye yake. Shaho yakan kaɗa sau uku ko huɗu ya sake jiki ya yi shawagi. Waƙwaƙ kaɗawa yake yi ba hutawa, kuma fiffiken ba ya tashi sama da gadon bayansa, kamar mai tuƙa kwalekwale. Idan ya sauka a reshe, a kwance yake zama, fukafukai a sake sun zubo ƙasa da bindi, kamar wanda babbar riga ta zame masa daga kafaɗa. Shaho a miƙe yake zama, ƙafafunsa dogaye. Na waƙwaƙ gajeru ne har kamar cikinsa na taɓa reshe, yatsu biyu gaba biyu baya. Bakinsa siriri ne mai ɗan lanƙwasa, ba ƙugiya ba. Ratsin cikinsa baƙi-baƙi ne a kan fari, na shahon kuwa jaja-jaja ne sirara. Hotunan da ke cikin Merlin suna nuna duk wannan da kyau, don kowane tsuntsu yana da hotuna da yawa, namiji, mace, ɗan shila, a zaune da a sama, kuma na ainihi ne, ba zane ba.

Inda aikin yake shi ne bayan ka tabbatar waƙwaƙ ne. Masu ruwan toka iri biyu ne suke ratsa dazukanmu, kuma kamar an tsaga kara. Ɗaya baƙo ne daga Turai da Asiya, a manhajar sunansa Common Cuckoo, a kimiyyance Cuculus canorus. Ɗayan ɗan Afirka ne, African Cuckoo, wato Cuculus gularis. Sun yi kama har an daɗe ana ɗaukar su iri ɗaya.

Baƙon ba ya hayayyafa a nan. Wucewa kawai yake yi, ya yada zango ya ci ya ƙoshi, ya nufi kudu. Na'urorin da masana a Birtaniya suke maƙala musu tun 2011 sun nuna na can suna yin hunturu a dazukan Kwango. Na Suwidin da Denmak suna tsallaka Sahara su huta a gabashin Sahel kafin su ƙarasa. Wani da aka sa wa suna Onon, wanda aka ɗaura wa na'ura a Mongoliya a Yunin 2019, ya tsallaka Tekun Larabawa ya kai Zambiya, ya koma gida a ƙarshen Mayun 2020, tafiyar kusan kilomita 26,000 zuwa da dawowa. Tsuntsun da bai kai nauyin wayar da ke hannunka ba ke nan. Lokacin ganinsa a wurinmu daga Agusta zuwa Oktoba ne, sai kuma Afrilu da Mayu a hanyar komawa.

Ɗan Afirka shi ma matafiyi ne, amma irin tafiyar shamuwa yake yi: yana biyo ruwa daga kudu, ya iso da farkon damina, ya hayayyafa, ya juya idan kharif, wato daminar, ya ja baya. An fi samun sa a daji mai itatuwa tsilla-tsilla, daga Sinnar zuwa kudu, wajen Damazin, Rusairis da Dindir. A sheƙar wani baƙin tsuntsu mai jan ido da bindi a tsage kamar na kifi yake yawan zuba ƙwansa. Ke nan a Yuni da Yuli ɗan Afirka ne kusan tabbas, a tsakiyar rani babu ko ɗaya, a Agusta da Satumba kuwa suna iya haɗuwa a itace guda. Watannin nan biyu su ne na rikici.

A nan sashen hoto yake yin rabin aiki. Ka ɗauki hoto, ka ja shi har tsuntsun ya cika akwatin, ka tabbatar da wuri da rana, sai ta jero maka waɗanda suka fi kama. Raba waƙwaƙ da shaho a hoto mai kyau ba ya ba ta wahala. Raba 'yan biyun nan kuwa, kada ka miƙa wuya ga sunan da ya zo a sama, domin hotunan baƙon da aka koyar da ita da su sun ninka na ɗan Afirka nesa ba kusa ba, kuma bambancin bai fi faɗin farce ba. Ka buɗe hoton da kanka ka duba baki. A ɗan Afirka, rabin bakin na wajen gindi rawaya ne mai sirkin ruwan goro, sama da ƙasa, har ya zagaye ƙofar hanci. Baƙin yana can wajen tsini kawai. A baƙon, bakin sama kusan duk baƙi ne, rawayan ya tsaya a gindin na ƙasa da ɗan gefe. Sai ka duba ƙarƙashin bindi: gashin gefe na ɗan Afirka yana da fararen ratsi da suka ratsa daga gefe zuwa gefe, na baƙon ɗige-ɗige ne da ba su haɗe ba. Idan hoton bai nuna baki daga gefe ba, bai kuma nuna ƙarƙashin bindi ba, to ka rubuta "waƙwaƙ mai toka" ka tsaya nan. Manyan masana ma haka suke yi.

Wasu kamanni biyu suna rikita mutum da manhaja baki ɗaya. Wasu matan baƙon ba ruwan toka ba ne sam, jajaye ne kalar ƙasa-ƙasa da baƙin ratsi a baya, har a ɗauka ƙaramin shahon nan ne mai tsayawa cak a iska. 'Yan shilan bana kuma, waɗanda suke biyo bayan manya da makonni su kaɗai ba mai nuna musu hanya, ruwan ƙasa ne mai duhu, bakin kowane gashi da ɗan fari, da farin tabo a ƙeya. A ƙarshen Satumba da Oktoba su ne aka fi gani. Ka nemi tabon ƙeyar.

Samun hoton da zai yi amfani da waya kaɗai yana da wuya, don tsuntsun akwai tsoro, da wuya ya bari ka matso taku talatin. Jan hoto da yatsa ba ya ƙara komai sai dishi-dishi, bakin da kake son gani ya narke. Dabarar ita ce madubin hangen nesa mai lamba 8x42: ka daidaita shi a kan tsuntsun, ka jingina gwiwar hannu a reshe ko katanga, ka ɗora idon kyamarar waya a kan ido ɗaya na madubin da tazarar kamar kaurin yatsa, ka matsa gaba ko baya har baƙin zoben ya buɗe, ka taɓa allon a kan tsuntsun, ka ɗauki goma a jere. Ɗaya ko biyu za su fita. Rana ta kasance a bayanka. Idan tana gabanka, inuwa kawai za ka samu, rawaya da baƙi su zama abu ɗaya. Kuma a yi hattara: a wannan zamani ba a ɗaga madubi ko kyamara kusa da madatsar Sinnar ko ta Rusairis, ko gada, ko shingen bincike. Gonarka da dajin da aka san ka a cikinsa sun isa.

Game da wurin nema, taswirar manhajar ba za ta taimaka sosai ba, don fenti ne aka shafa wa rabin nahiya. Abincinsa za ka bi. Waƙwaƙ gizaka yake ci, irin mai gashin nan da sauran tsuntsaye suke ƙyama, saboda haka itacen da ka ga ganyensa ya zama raga, ƙasansa da baƙin kashin tsutsa kamar an watsa gero, nan ne wurin zama. Dazukan sunut, wato bagaruwa, da ke kwarin Nilul Azraƙ suna cike da ruwa a daidai wannan lokaci, ba su shiguwa, amma gefensu na tudu inda suka haɗu da gonaki ya fi cikin ma kyau. Haka ɗushe da dakwara a ƙasar laƙa ta Gadarif, da layin dogon yaro a bakin gari, da lambunan mangwaro. Gawo kuwa kyauta ce daga Allah ga mai ɗaukar hoto: shi kaɗai yake zubar da ganye da damina, kuma namijin ɗan Afirka yana son busasshen reshe a sama ya zauna ya yi ta kira. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara shi ne lokaci, musamman washegarin ruwa. Kunne ma yana aiki kafin ido: in ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a itace ɗaya suna ta masifa, ko maciji ne, ko mujiya, ko shi.

Sashen sauti shi ne abin da ya fi jan mutane zuwa Merlin, kuma a kan wannan tsuntsu shi ne ya fi ƙarancin amfani, saboda dalili biyu. Na farko, baƙon ba ya kuka a Afirka sai nadiran. Kiran nan nasa da ya yi suna na neman mace ne a can ƙasar haihuwarsa. A nan bakinsa alaikum. Na biyu, sashen ya fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai, domin daga can aka fi tara sautukan da aka koyar da shi, na Afirka kuwa har yanzu ana kan tarawa. Zai iya yin shiru a gaban tsuntsun da yake kira a saman kanka, ko ya kawo sunan wani ɗan Turai mai kama da shi. Ga kuma matsalar wuri. Muryar waƙwaƙ ƙasa take, ba ta kai hertz 1000 a ma'aunin sauti ba, can a gindin zanen sautin da yake gudana a allo, daidai inda gunjin injin ban-ruwa, wanda a nan ake ce wa babur, da kukan kurciyoyi suke cunkushe. Idan babur yana aiki a kusa, ka matsa nesa ko ka jira a kashe shi. Ka riƙe wayar shiru, kada yatsa ya toshe makirufon da ke gindinta, ka juya wa iska baya, ka naɗi minti ɗaya ko biyu ka tsayar. Fayilolin ba a matse suke ba, suna cika waya da batirinta idan aka bar su suna gudu.

Amfanin sashen na gaskiya shi ne naɗar da yake ajiye maka da kuma sautukan misali da ke shafin kowane tsuntsu, ka saurari naka ka saurari nasu. A nan Bahaushe yana da kunnen da Bature ba shi da shi, don harshenmu da karin sauti yake tafiya. Kiran baƙon gaɓa biyu ne, ta farko sama ta biyu ƙasa, kamar ka ce "yaro". Na ɗan Afirka ma gaɓa biyu ne, amma a daidai suke, ko ta biyun ta ɗan ɗaga kaɗan, kamar ka ce "rana", kuma a daskare yake kamar ana hura bakin kwalba. Wanda zai ruɗe ka shi ne alhudahuda, amma shi yakan yi uku ne a jere, da sauri. Duk waƙwaƙ mai toka da ka ji yana kiran "rana, rana" da damina a ƙasar nan, ba ka buƙatar hoton baki. Sautukan misalin na sauraro ne a kunne. Kunna su da ƙarfi don a jawo tsuntsu yana sa namiji ya bar cin abinci ya yi ta neman abokin gaba da babu shi, baƙon kuma ko waiwayowa ba zai yi ba.

Sauran dangin ba su da wannan wahala, manhajar tana kama su da hoto ko mai ɗan dishi ne. Akwai babba mai tukku, santimita 35 zuwa 40, baya da fararen ɗige, maƙogwaro ruwan madara, wanda hankaka ne yake reno masa 'ya'ya. Akwai baƙi da fari mai tukku da farin tabo a fiffike, da wani mai kama da shi da ya fi shi girma, sai dai maƙogwaronsa da zane-zane. Akwai ƙanana biyu masu sheƙin kore, ba su kai santimita 20 ba ko sun tsaya nan: mai jan ido da fararen ɗige a fiffike, wanda yake addabar masu saƙa sheƙa irin su kabare, da wanda fiffikensa ba ɗige, mai bin sheƙar sha-kauci. Duk inda ka ga ƙaramin tsuntsu yana ɗura wa ƙaton ɗan shila abinci a ƙasar nan, ɗayan 'yan Afirka ne. Na Turai ba ya barin ƙwai a wannan nahiya tamu ta kudu da Sahara.

Maɓallin da ke cewa wannan ne tsuntsuna yana ajiye sunan a jerinka da rana da wuri, kuma a kan waƙwaƙ mai toka kada ka danna shi sai ka ga baki ko ka ji kira. Wanda yake son abin da ya gani ya shiga rumbun da manhajar take koyo daga gare shi, sai ya shigar ta eBird da imel ɗin nan dai, ya haɗa da hoton ko naɗar, ya rubuta irin itacen da tsuntsun yake kai. Idan bai tabbata ba, akwai gurbin da ya haɗa irin biyun wuri ɗaya, kuma shi ya fi a zaɓa a Agusta da Satumba.